Shaidar Mahalarta da Hukuncin Alƙaluma: Waiwaye a kan Sukar Paola Merli

Sama da shekara ashirin ke nan da Paola Merli ta wallafa sukarta a kan binciken François Matarasso (Merli, 2002), amma har yau da wuya mutum ya karanta wani nazari a kan tasirin ƙungiyoyin fasaha na al'umma bai ci karo da ita tun a shafukan farko ba. Darasin da masu ambatonta suka fi ɗauka shi ne, duk abin da mahalarta suka faɗa game da amfanin da suka samu a wasan kwaikwayo ko kiɗa ko zanen bangon unguwarsu bai kai matsayin hujja ba, kuma ƙungiyar da ta dogara da irin wannan shaida talla take yi wa kanta. A ganina wannan fahimta ta zarce abin da hujjojin Merli za su iya ɗauka. Ta yi gaskiya a mafi yawan abin da ta faɗa game da hanyar binciken, kuma zan bi ta a kan haka ba tare da jan ƙafa ba. Inda muka raba hanya shi ne yadda ta haɗa da'awoyi iri biyu da ba su da nauyi ɗaya ta yi musu hukunci guda.

Tarihin muhawarar sananne ne ga masu wannan fanni. A zamanin Thatcher an kare kuɗin da gwamnatin Birtaniya ke kashewa a kan fasaha da harshen tattalin arziki (Myerscough, 1988). Da jam'iyyar Leba ta karɓi mulki a 1997, sai magana ta koma kan waɗanda aka bari a baya a cikin al'umma, kuma a shekarar ce kamfanin Comedia ya fitar da rahoton Matarasso mai suna Use or Ornament? Rahoton ya jera tasiri 50 a ƙarƙashin jigogi shida, daga bunƙasar mutum a karan kansa da haɗin kan jama'a har zuwa lafiya. Ya dogara da ziyarar ayyuka da hira da jama'a, da kuma takardun tambayoyi 513 da mahalarta suka cike. Alƙaluman da suka fi yawo daga cikinsa su ne: kashi 91 cikin ɗari sun yi sababbin abokai, kashi 84 sun ƙara amincewa da abin da za su iya, kashi 73 sun ƙara samun farin ciki, kashi 52 kuma sun ji lafiyarsu ta inganta. Sakataren al'adu na lokacin, Chris Smith, ya rungumi wannan harshe, kuma harshen ya shiga rahoton kwamitin gwamnati na 1999 a kan fasaha da wasanni a unguwannin talakawa.

Suka ta farko da Merli ta yi ita ce tambayoyi 24 na takardar ba su fito daga tasiri 50 ɗin da aka jera ba, don haka amsoshin ba za su tabbatar da su ba. Wannan ba ya buƙatar doguwar magana. Duk wanda ya ajiye jerin biyu gefe da gefe zai ga giɓin. Ta biyu ita ce yadda aka tsara tambayoyin yana jan mai amsa zuwa ga cewa “eh”. Idan aka tambayi mutum ko ya ƙara samun farin ciki tun da ya shiga aikin, an riga an sanya masa amsar a baki, kuma kara ba za ta bar shi ya ce a'a ga mutanen da suka ɓata lokacinsu a kansa ba. Wanda ya taɓa raba takardar tambayoyi a ƙarshen wani taron bita ya san ƙarfin wannan suka. Ta uku, wadda ta fi tasiri a kan waɗanda suka biyo baya, ita ce babu rukunin kwatanci, ba a auna mutane kafin su shiga da bayan sun fita ba, ba a kuma bi su na tsawon lokaci ba. Zan ma ƙara mata wata da ta fi damuna: wanda ya cike takarda a ƙarshen aiki shi ne wanda ya zauna har ƙarshe. Mai maganin gargajiya da ke ƙirga masu dawowa yi masa godiya zai samu kusan kowa ya warke, domin wanda maganin bai karɓa ba ya tafi wani wuri.

Matarasso ya mayar da martani a mujallar da sukar ta fito (Matarasso, 2003), inda ya nuna cewa an auna aikinsa da ma'aunin wani irin bincike da bai ce shi ya yi ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ban ga ya isa kariya ba, tunda an fitar da alƙaluma cikin ɗari, kuma 'yan siyasa sun ɗauke su a matsayin tabbaci. Kariyar da ta fi ƙarfi tana cikin alƙaluman kansu, idan aka dube su ɗaya bayan ɗaya.

A ɗauki kashi 91 da kashi 52. Matar da ta ce ta yi sabuwar ƙawa a wajen gwajin wasan kwaikwayo ganau ce. Ta san ƙawar, ta san ranar da suka haɗu da inda suka haɗu, kuma babu wani mai bincike da ya fi ta sanin wannan. Ba a buƙatar rukunin kwatanci kafin a yarda cewa abota ta ƙullu a wannan ɗaki, kamar yadda ba a buƙatarsa kafin a yarda cewa wani ya koyi kaɗa jita ko ya tsaya gaban jama'a ya yi magana a karon farko. Amma idan matar nan ta ce lafiyarta ta inganta saboda wasan, ta tashi daga ba da labarin abin da ta gani ta koma kirdadon sababi, kuma a nan ba ta fi kowa sani ba. Mai yiwuwa hunturu ne ya wuce, ko ta canza magani, ko kuwa dama ta fara samun sauƙi shi ya sa ta iya fitowa. Sukar Merli ta rashin rukunin kwatanci ta kama da'awa ta biyu da kyau, amma ba ta taɓa ta farko ba, illa ta fuskar adadi: kara da ficewar waɗanda ba su gamsu ba za su iya kumbura kashin, ta yadda 91 ɗin ya fi na gaskiya yawa. Kumburin adadi kuwa aibi ne da ake iya gyarawa da tambaya mai tsabta, da mai tambaya wanda ba ɗan ƙungiyar ba, da kuma neman waɗanda suka fice. Bai mayar da shaidar ta zama banza ba.

Za a iya cewa, kuma Eleonora Belfiore ta kusanci wannan batu a shekarar da Merli ta yi nata rubutu (Belfiore, 2002), ai da matar nan ta shiga kulob ɗin motsa jiki ko ajin yaƙi da jahilci, da nan ma ta yi ƙawa, ƙila ma da kuɗi kaɗan. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, sai dai tambaya ce dabam. Tambayar baitulmali ce: a ina fam ɗaya zai fi haifar da abota? Ba ita ce tambayar ko abotar ta faru ba. Kuma, iya fahimtata, ba ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata uku ce ya kamata a ɗora wa amsa ta ba, domin amsarta na buƙatar kwatanta ayyuka iri-iri a wurare masu yawa, abin da sai jami'a ko hukuma ke da ƙarfin yi.

A 2002 ana iya cewa duk wannan gardama ce ta baki, domin gwaje-gwajen da Merli ta ce babu, da gaske ƙalilan ne. Yanzu akwai su, kuma ya kamata duk mai ambaton sukarta ya ambace su tare. Biyu sun fi dacewa da batunmu.

Na farko a Benezuwela aka yi shi, a kan shirin koyar da kiɗa na El Sistema wanda José Antonio Abreu ya kafa a 1975. Masu bincike tare da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka sun bi yara 2,914 masu shekara 6 zuwa 14 a cibiyoyin kiɗa 16. Da ƙuri'a aka raba su: wasu suka fara a 2012, sauran aka jinkirta musu zuwa 2013 (Alemán da wasu, 2017). Bayan shekara guda, yaran da suka fara da wuri sun ɗan fi sauran kamun kai, kuma matsalolin ɗabi'a sun ɗan ragu a cikinsu. Girman bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tazarar da aka saba gani tsakanin yaro da yaro ba, kuma an same shi ne a matakin tabbaci mai sassauci fiye da wanda aka saba amfani da shi. Ya fi bayyana a kan yara maza da suka taso cikin tashin hankali da kuma 'ya'yan iyaye mata masu ƙarancin karatu. A ɓangaren kaifin ƙwaƙwalwa ba a ga wani canji ba.

Na biyu a birnin Houston na Amurka ne, inda aka raba makarantu 42 da ƙuri'a, wasu suka samu ƙarin ayyukan fasaha ta hannun ƙungiyoyi da masu fasahar garin, wasu suka jira (Bowen da Kisida, 2019). Ɗalibai 10,548 ne binciken ya shafa. Adadin waɗanda aka hukunta saboda rashin ɗa'a ya ragu da maki 3.6 cikin ɗari, rubutu ya ɗan inganta, tausayin juna ya ɗan ƙaru. A lissafi da karatu da kimiyya ba a samu bambancin da za a kafa hujja da shi ba.

Me waɗannan ke nunawa game da rigimar 2002? Ina ganin abu biyu, kuma kowane ɓangare zai ji ɗacin ɗaya. Wuraren da aka ga canji, wato kamun kai da ɗabi'a da jin tausayin wani, suna maƙwabtaka da abubuwan da mahalarta suka daɗe suna faɗa da bakinsu. Da shaidarsu kara ce zalla, babu dalilin da zai sa gwajin ƙuri'a ya nuna ɓangaren da suka nuna. Amma girman canjin ya yi nesa ƙwarai da abin da kashi 84 ko 91 ke sa mai karatu ya zata, kuma manyan alkawuran da aka riƙa ɗora wa fasaha, na ɗaga makin jarrabawa da fitar da mutane daga talauci, ba su samu tallafi daga waɗannan gwaje-gwaje ba. Dole kuma in taƙaita da'awata a nan. Gwaje-gwajen biyu a kan yara aka yi su, a cikin tsare-tsare manya masu kuɗi, cikin ɗan gajeren lokaci. Ba su ce komai kai tsaye a kan dattijuwar da ke zuwa ajin saƙa a wata unguwa ta arewacin Ingila ba. Abin da zan iya tsayawa a kansa bai wuce wannan ba: a inda aka gwada da kyau, an samu ƙaramin tasiri a ɓangaren da mahalarta suka nuna, don haka babu hujjar watsi da shaidarsu gaba ɗaya.

Akwai kuma wani layin bincike da ke tsakanin takardar tambayoyi da gwajin ƙuri'a, wanda Mark Stern da Susan Seifert suka fara a Jami'ar Pennsylvania a 1994. Su unguwa suke aunawa, suna sanya ƙungiyoyi da masu fasaha da mahalarta a kan taswira, su kwatanta da bayanan hukuma. A rahotonsu na 2017 a kan birnin New York sun samu cewa a cikin unguwanni masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ke da yalwar harkokin al'adu sun fi ƙarancin manyan laifuka da kashi 18, da ƙarancin cin zarafin yara da sakaci da su da kashi 14, bayan an yi la'akari da samu da launin fata. Aiki ne mai daraja, amma dangantaka ya nuna. Unguwar da jama'arta ke da haɗin kan da za su kafa ƙungiyar kiɗa, mai yiwuwa haɗin kan nan ne kuma ke rage laifi. Ƙungiyar da ta kwafi kashi 18 ɗin nan ta liƙa a takardar neman tallafinta, kamar ita ta rage laifin, ta koma cikin ramin da Merli ta nuna.

Sauran sukar Merli ta siyasa ce, kuma ita ce ta fi zafi. Ta ce tushen talauci da wariya yana cikin tsarin tattalin arziki, ayyukan fasaha ba sa canza halin da mutane ke ciki sai dai su taimaka musu su haƙura da shi, har ta kamanta masu wannan aiki da 'yan mishan na zamani. Zargin bai fara daga kanta ba. Owen Kelly, wanda shi kansa ɗan cikin harkar ne, ya koka tun 1984 cewa dogaro da tallafin gwamnati ya cire wa harkar haƙoranta. Amma a lura da wani abu: cewa wasan kwaikwayo yana sa talaka ya haƙura da talaucinsa, ita ma da'awar tasiri ce, ta sababi da sakamako, kuma Merli ba ta kawo mata rukunin kwatanci ko awon kafin da bayan ba. Idan ma'aunin da ta ɗora wa Matarasso daidai ne, to ya hau kan wannan magana tata. Ba ina cewa ƙarya ce ba. Ina cewa hasashe ne da ke jiran bincike, kuma ba daidai ba ne a riƙa ambatonsa kamar an gama tabbatar da shi.

Duk da haka, binciken Benezuwela ya ƙunshi wani adadi da ya ba ɓangaren Merli makami mafi kaifi fiye da duk wanda ta riƙe a 2002. Shekara da shekaru ana tallata El Sistema a matsayin shirin ceton 'ya'yan talakawa, kuma a kan wannan suna ne bankin da aka ambata ya amince da rancen dala miliyan 150 a 2007. Amma binciken ya ƙiyasta cewa kashi 16.7 cikin ɗari ne kawai na yaran da aka bi ke cikin talauci, alhali a jihohin da suke zaune adadin ya kai kashi 46.5. Geoffrey Baker, wanda ya rubuta littafi mai suka a kan shirin a 2014, ya yi ta jan hankali a kan wannan giɓi. Wannan adadi bai buƙaci ƙuri'a ba. Tambayar wane ne ya zo kawai aka yi, aka ajiye amsar kusa da ƙididdigar yankin. Irin wannan lissafi ne ya sa Kwamitin Warwick ya bayyana a 2015 cewa kashi 8 cikin ɗari na jama'ar Birtaniya, mafi wadata da ilimi, su ne suka fi kowa cin moriyar harkokin al'adun da ake tallafawa da kuɗin jama'a.

A nan, a ganina, amfanin bayanai yake ga ƙaramar ƙungiya. Ba ta da ƙarfin tabbatar da sababi, amma tana da ƙarfin sanin wanda ya shigo, daga wace unguwa, sau nawa ya dawo, a wane mako ya daina zuwa, da kuma wanda bai taɓa leƙowa ba duk da yana zaune bayan katangarta. Waɗannan alƙaluma suna da wata siffa da kashi 91 ba shi da ita: suna iya fitowa saɓanin abin da ƙungiyar ke so. Idan aka haɗa su da shaidar mahalarta a kan abin da suka gani da idonsu, wadda wani na waje ya karɓa, an samu bayani mai gaskiya ko da bai yi ƙyalli ba. Merli da kanta ta ba da shawarar doguwar hira mai zurfi a madadin takardar tambayoyi, abin da masu amfani da sunanta don kore shaidar baki ba su cika tunawa ba.

Masu tafiyar da ƙungiyoyi za su ce mai ba da tallafi ba ya sauraron ƙananan da'awoyi, kuma ba na raina wannan damuwa, domin albashin mutane ne ke cikin haɗari. Smith da kansa, bayan ya bar muƙami, ya nuna a 2003 cewa harshen alƙaluma shi ne wanda minista ke buƙata idan zai karɓo kuɗi daga baitulmali (Belfiore, 2009). Sai dai abin da ya biyo baya bai nuna manyan alƙaluma suna kare kowa ba. A 2010 kamfanin PricewaterhouseCoopers ya ƙiyasta cewa kowane fam ɗaya da aka kashe a shirin Creative Partnerships na makarantun Ingila yana dawo da amfanin da ya kai fam 15.30. A shekarar aka zaftare kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafin Majalisar Fasaha ta Ingila, kuma zuwa 2011 an daina ba shirin kuɗi. Babban nazarin Crossick da Kaszynska na 2016 ya yi gargaɗi a kan cakuɗa bincike da neman goyon baya, kuma wannan misali yana nuna cewa cakuɗawar ko ribar da ake tsammani ba lallai ta kawo ba.

Muhawarar ta Birtaniya ce, amma fom ɗin rahoton da ta haifa ya iso mana ta hannun masu ba da tallafi. Muna da tsohuwar al'adar wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma wadda ta kafu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun tsakiyar shekarun 1970, daga zamanin Michael Etherton zuwa na Oga Steve Abah, inda ɗalibai ke shiga Samaru da ƙauyukan kewaye su tattara matsalolin jama'a su mayar da su wasa. Ƙungiyoyin da suka gaji wannan hanya a yau ana tambayarsu mutum nawa suka canza ɗabi'a bayan kallon wasa a dandali, tambayar da babu wanda zai amsa ta da gaskiya ta hanyar ƙirga kawuna. Abin da za su iya rubutawa, kuma ya fi amfani, shi ne mata nawa suka halarta idan an yi wasan da yamma a ƙofar gidan mai unguwa, su wane suka yi magana a tattaunawar bayan wasa, da kuma ko matan aure da ke cikin gida sun samu wata hanyar ganin wasan ko kuwa labarinsa kawai ya isa gare su.